Ladanin da Ke Cinikin Zugazugin Soja

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar yayana Malam Sabo, kuma har yau ina zarginsa. Na san ba haka ake buɗe maganar mamaci ba, amma na tsufa da yin kara.

Shekaru kaɗan kafin a sami mulkin kai, shi ne ladanin unguwarmu a Kiru. Muryarsa har gonakin Yako ake cewa tana kaiwa, ko da yake mutanen Kiru akwai ƙarin gishiri. Ladanci ba ya ciyar da gida, sai ya kama wata sana'a da ba mai yin ta. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi sun zo da wani abin kiɗa na Turawa, mai maɓallai gefe da gefe, ana ja ana matsawa. Mu zugazugin soja muke ce masa. Yaya sai ya hau keke ya bi su Bebeji, Tudun Wada, har Doguwa, ya saye waɗanda suka tsufa, ya liƙe da fatar akuya, ya kai wa wani Kwara, Balarabe mai kanti, a Kano.

A gabanmu bai taɓa fitar da sauti ba. Maɓallin iska kawai yake dannawa, ya kara auduga a jikin fatar, inda ta motsa nan ne huda. Kowa ya yaba wannan tsantseni. Ni kuwa da nake kai masa abinci zaure, abu ɗaya ya tsaya mini: Kwaran nan bai taɓa dawo masa da ko ɗaya ba a kan murya ta lalace. Wanda bai taɓa jin abu ba, ta yaya yake zaɓen mai daɗi?

Ashe ba ni kaɗai ke lissafin ba. Wani makiyayi ya faɗa a kasuwa cewa ya ji kiɗa cikin duwatsun Doguwa da rana tsaka, ya kuma ga keke a jingine. Liman ya kira Yaya gaban dattawa, ya ce ya rantse da Alƙur'ani cewa ba shi ba ne, ko ya bar kiran salla. Bai rantse ba, bai kuma amsa laifi ba. Ya ce Allah ya sani, ya ɗauki takalmansa.

Da ya shigo gida ya dube ni ya ce, "Hajara, ke ma?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tankaɗe. Shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu ina jin waya tana rera waƙa a aljihun mai kiran salla, a yi murmushi a wuce. Da Yaya na nan ba na jin zai yi fushi. Zai dai gyara hula ya ce a rage ƙarar lasifika, tana ɓata muryar yaron.

Ya yi shekara ashirin yana salla a sahun baya, wani na kira da murya kamar ta mai mura, bai taɓa gyara masa ba. Abin da ya bar mana ke nan, mutum ne da ya gwammace ya rasa abin da ya fi so da ya taɓa Alƙur'ani a kan maganar kasuwa. Allah ya jiƙansa. Ni dai fatana a ce ya kaɗa ɗin, ya more shi son ransa a cikin duwatsun nan. In kuwa bai kaɗa ba, to a banza muka raba shi da kiran salla, kuma da ni a ciki.