Kujerar da Muka Sayar da Sa Dominta

Gangara zuwa Gidan Rumji

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Talata muka bar Gangara, ni da Baba, za mu Umra. Amalanke ta kai mu tasha, don tun da aka yi wa Baba aiki a ƙugu ƙafarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa, babur kuwa ya haramta gare shi. Likita ya ce in zai yi doguwar tafiya a jirgi, sai a inda zai miƙe ƙafar. Shi ya sa gidanmu ya sayar da Ɗan Baƙi, san da ke mana huɗa, aka saya masa kujera a sashen gaba na masu hali. Tawa tana can baya, ban damu ba.

Gaskiya ma murna nake. Na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, kuma duk jarumar da na sani a sashen nan take zama: labule, kujera mai zama gado, tawul mai ɗumi. Na ƙudurta zan leƙa gaida Baba sau goma, in ga abin da idona.

Mun kai Gazawa bakwai saura, Agye takwas da rabi. A shingen Cadawa jandarma ya duba katinmu ya ce Baba ya sa shi a addu'a. Daga Maraɗi muka canja mota, jika ɗaya da rabi kowa, muka yi kimanin kilomita hamsin zuwa Gidan Rumji. Gidan ƙanwar Baba muka sauka, ta yi mana tuwon gero miyar kuka.

Hanyar Yamai

Laraba ƙarfe shida babbar mota ta ɗauke mu. Baba ya zauna a bakin ƙofa, ƙafa a miƙe kan jaka. Kusa da ni wata Hajiya Mariyama ce ’yar Cadakori, mai fataucin atamfa, jirgi ya zame mata kamar amalanke. Ita ma jirginmu za ta hau. Na ba ta labarin labule da tawul, ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Ɗiyata, masu rubuta muku littattafan nan ko Tibiri ba su taɓa wucewa ba.”

Mun ci kilishi a Madawa, muka yi azahar a Dogon Dutsi, muka shiga Yamai bayan la'asar sakaliya.

Filin jirgi

Alhamis sha ɗaya na safe muna gaban tebur. Ma'aikacin, saurayi mai ɗamarar wuya, ya daɗe yana kallon na'urarsa, sannan ya ce an canja jirgi da ƙarami, sashen gaba ya cika, an mai da Baba layi na ashirin da bakwai. Ya faɗe shi kamar mai cewa shayi ya ƙare.

Na ce, “Malam, dubi ƙafarsa! Sa muka sayar!”

Bai ko kalle ni ba. Ya tura wa Baba wata takarda da Faransanci, ya buɗe tawadar dangwale, ya ce, “Baba, a yi haƙuri.”

Ku da ke gida kun san al'ada. Kwana uku Baba ya yi yana bin gida-gida a Gangara yana neman gafara, yana yafe wa kowa, don kada ya je Ɗakin Allah da riƙon wani a zuciya. Da jin kalmar haƙuri sai ya ce, “Ba komai yaro, na yafe,” ya miƙa babban yatsa.

Sai ga jakar Hajiya Mariyama, tim, a kan takardar.

“Alhaji, ka san mi za ka dangwala ma? Cewa ta yi da yardarka ka koma baya. Ka sa yatsa, shi ke nan, ba ka bin su ko dala.” Ta juya ga saurayin. “Kai kuma, haka aka koya maka? Wanda kuka sauke daga kujerarsa ba da sonsa ba, dole ku mai da masa wani kaso na kuɗinsa. Ka gaya masa?”

Saurayin ya ce wannan maganar buro ce, wato ofishin kamfaninsu, ba tasa ba.

Ina shirin buɗe baki Baba ya riƙe mini hannu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. “Uwata, mai niyyar Umra ba ya husuma. Mu tafi.”

Yaya zan musa wa ubana a gaban jama'a? Na haɗiye. Hajiya ta cusa mini takardar da ba a dangwala ba, ta ce in haɗa da rasit da guntun katin shiga jirgi mai lambar sabuwar kujera, in adana su kamar zinariya.

Cikin jirgi

Kusan awa shida. Gwiwar Baba a matse da bayan kujerar gaba, in ya fito da ƙafar hanya, keken abinci ya buge ta. Carbi kawai yake ja, gumi na bin gemunsa. Labulen da na yi shekaru ina mafarki yana can gaba, shuɗi, an ja shi. Ban taɓa tsanar ƙyalle kamarsa ba.

A Jidda ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mutumin da ya yi wata huɗu yana zagaya rumbu da sanda, yana koyon tafiya don ya yi ɗawafi da ƙafarsa, a keken guragu na tura shi zagaye bakwai. A na ukun na ga kafaɗunsa na girgiza. Wannan babu kuɗin da zai biya shi.

Komowa

A dawowa sun ba shi kujerarsa. Na leƙa sau ɗaya. Kujera ce kawai, mai faɗi.

Mun sauka Yamai ranar Litinin da hantsi. Ina neman tasi zuwa tasha sai Baba ya ce, “Uwata, ina buron mutanen nan?”

“Ba ka yafe ba, Baba?”

“Ƙafa tawa ce, na yafe. San kuwa na gida ne, bakuna goma sha ɗaya ke ci daga huɗarsa. Ban da ikon yafe shi.”

Awa uku suka shanya mu a benci. Shugabar buron ta ce an rubuta cewa fasinja ya amince. Na shimfiɗa mata takardar, wurin yatsa fari fat, na ɗora guntun katin a kai. Na ce ta nuna mini amincewar. Sai ta ɗauko wata takarda ta ƙorafi. Na sa ta karanta mana da Hausa, layi-layi, kafin Baba ya dangwala. Ta buga hatimi, ta ba mu kwafi.

Laraba bayan la'asar muka shiga Gangara. Kafin ya amsa barka da zuwa, Baba ya tsaya a turken Ɗan Baƙi, igiya na kwance a ƙasa.

Bayan sati bakwai da kiran waya ba adadi, kuɗin suka zo. Ba su kai sa ba. Maraƙi suka saya a kasuwar Gazawa, sai baɗi zai iya jan garma. Bana aron sa za mu yi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hajiya Mariyama da jakarta. Kamfanin kuwa, Baba ya yafe musu ƙafarsa. Ni da na tura keken, ban yafe ba.