Keken da Na Sayar wa Bubayaro

Ni na sa Bubayaro ya sayi keke, kuma har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Sunana Kyari, gyaran keke nake yi a bakin kasuwar Potiskum tun bayan yaƙin Hitila. Shi Bafillace ne, ni Babarbare, abokan wasa ke nan, saboda haka ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. In ya doso rumfata sai in ce ga bawana nan tafe, shi kuma ya ce bawansa ya shimfiɗa tabarma, ubangidan mai rumfa ya iso.

Da can yana da garke. Ciwon bushiya, annobar shanu, ya shiga ya share shi, ya bar masa saniya ɗaya tak, wadda ya kai riƙo rugar ƙanensa Joda, yamma da gari. Shi kuwa ya dawo unguwar Yindiski a cikin gari ya kama aiki wurin Baturen dabbobi. Aikinsa shi ne ya riga masu allura isa ruga, ya lallashi makiyaya su tara shanu. Fulani ba su yarda da allurar Nasara ba, amma in suka hango mutum tafe a ƙasa, sanda a wuya, hannuwa rataye a kanta, sun san nasu ne. Zai zauna ya sha nono, ya buɗe bakin saniya ya faɗi shekarunta daga haƙori, kafin la'asar an amince.

Saniyar nan tasa ta tsufa ta mutu, amma ta bar karsana ja mai farin goshi a garken Joda. Ita ce kaɗai abin da ya rage masa daga shanun ubansa, kuma maganarta ba ta ƙarewa a bakinsa. Har na gaji na ce ya ɗaura mata aure mu huta.

Tsufa bai yi masa sallama ba. Na fara lura in zai tashi sai ya dafa ƙasa. Tafiyar da yake yi kafin hantsi ta koma sai azahar. Wata rana yana cin goro ya tsaya cak, ya juya mini baya, ya tofar da wani abu a tafin hannu ya jefa aljihu. Na san haƙori ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta bakin shanu ba ya bukatar a gaya masa abin da wannan ke nufi.

“Bawana, ka tsufa,” na ce.

“Kai ne ka tsufa. Gwiwa ce kawai take mini rashin kunya.”

Nan na kawo shawarata ta banza. Na ce keke yana sake jijiya, yana buɗe ƙirji, malamin asibiti ma ya faɗa. Ga shi Bature zai ga har yanzu da sauransa, ba zai sallame shi ba. Na haɗa masa wani baƙin keke tsoho mai ƙararrawa. Bafillace ba ya yarda a ga faɗuwarsa, don haka bayan sallar asuba muke fita bayan gari, ina riƙe da sirdi, yana zagina yana tangaɗi. Sati uku muka yi. Kuma gaskiya keken ya yi masa rana: haki ya ragu, ya riƙa zuwa ofis yana kaɗa ƙararrawa kamar sabon ango. Na yi murna, na yi ta cika baki.

Da bazara labari ya zo bushiya ta ɓulla kudu. Bature ya ce a fara allura jibi. Bubayaro ya ce rugar Joda zai fara zuwa, ya sa kakin aiki da hular kwano saboda rana, ya hau keke don ya yi sauri.

Abin da ni ɗan gari ban sani ba, shi kuma murna ta mantar da shi, shi ne a ruga ba a taɓa ganin alheri a kan keke ba. Duk wanda ya zo a kansa cikin kaki, sammaci ya kawo ko kamu. Ga shi kwanakin nan shanun Joda sun yi ɓarna a wata gona. Matan rugar suka hango ƙarfe yana walƙiya daga nesa, suka yi kururuwa. Kafin ya kai rabin fili an kwance maruƙa, an kaɗa garke an nausa daji.

Ya yi ta taka keke har yashi ya kayar da shi. Ya tashi ya yi kiran da shanun suka sani, numfashi bai kai ba. Ya bi su a ƙasa, gwiwa ta ƙi. Da shekara goma baya ne, da ya cim musu kafin su ƙetare kwari. Kudu suka yi, wajen da ciwon yake.

Bayan kwana ashirin Joda ya dawo da shanu bakwai daga cikin sittin. Karsanar ta kawo har bakin ruga da ƙafarta, a nan ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

Da yamma Bubayaro ya zo rumfata yana tura keken, bai hau ba. Ya jingina shi da bango. Ranar ban kira shi bawana ba. Ya zauna a ƙasa, bai nemi tabarma ba.

“Na buɗe bakinta, Kyari,” ya ce. “Haƙori biyu ne. Ko haihuwar fari ba ta yi ba.”

Na ce laifina ne. Ya girgiza kai, ya ce shi ya san ruga, ba ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Bai sake komawa aiki ba, ba kuma wanda ya sallame shi. Ya yi shekara biyu yana zuwa rumfata a ƙasa, a hankali, sanda ba a wuya ba, a hannu. Muna gaisawa lafiya lau, ina kwana, ina gajiya, kamar baƙi. Har ya rasu bai sake ce mini bawansa ba.