Tulun Inabin Hajjo

Ni ɗiyar mahauta ce, a Ƙofar Dundaye aka yanke mini cibiya, kuma ban iya rufa-rufa ba. Don haka bari in faɗa tun farko: an yi lokacin da unguwarmu ta ɗauka kakata tana ɓoye giya a ƙarƙashin gadonta.

Hajjo muke ce mata. Da ƙafa ta je Makka, ta daɗe ba ta dawo ba, don bayan hajji ta zauna aikin gona a duwatsun Ɗa'ifa inda ake noman inabi. Wasu alhazai da zannuwa suke dawowa. Ita ɗan baƙin tulu ta goyo, bakinsa ɗaure da tsumma, kyautar matar da ta yi wa aiki. Ana saura shekara biyu ko uku a ba mu mulkin kai, wata maƙwabciya ta shigo aron maburgi, hancinta ya ɗauko wani tsami-tsami, kafin la'asar zance ya kai mahauta. Babana ya dawo ko hannu bai wanke ba, ya tsaya tsakar gida ya ce gobe da safe zai fasa tulun a gaban jama'a, don ba za a guje wa namansa a kan ƙazanta ba.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tsaya musu. Kunya ta ɗaure mata baki. Amma tatsuniya ba ta san kunyar ɗan fari ba.

Da aka ci tuwo ta tara mu bakin murhu kamar kullum, sai dai ranar ta juya tabarmarta ta fuskanci zaure, inda Baba ke wasa wuƙa.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta. "Wanda yan nisanta ma, kunne nai ba shi da nisa."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani tsoho da gonarsa ke jikin dutse, dutsen da jaki ke dubawa ya juya. Ya jera duwatsu ya yi gandu hawa-hawa kamar matakala, ya riƙa ɗaukar ƙasa a kwando daga kwari yana kaiwa sama. In ruwa ya wanke ta, ya sauka ya sake ɗaukowa. Mutanen kwari suna yi masa dariya, su da inabinsu ke fitowa manya-manya, cike da ruwa. Nasa ƙanana ne, masu kaurin fata, ja har ya koma baƙi, don itacen ya sha ƙishi, saiwarsa ta tsaga dutse kafin ta sami abin sha. Amma ruwan inabin kwari ba ya kai baɗi, sai ya lalace. Na tsoho kuwa, kowace shekara ƙara kyau yake.

Hajjo ta nuna mana yadda ake yi, har da tashi tsaye. A tsinko da hannu da sanyin safiya, a tattaka da ƙafa wankakkiya, a zuba a tuluna, a ɗaure baki da tsumma don ya sha iska, a kai kogo. Kwanakin farko yana tafasa ba wuta, yana wari. Ta ce a nan giya ce, ba wanda ya musa, kuma ta ji Nasara a can ƙasashensu nan suke tsayar da shi, su toshe, su ajiye shekara ashirin suna alfahari da tsufansa. "Su nasu, mu namu." Musulmin dutse ba ya taɓa shi. Yana barinsa ya wuce wannan hali da kansa, har ya juye ya zama kal, tsamin da ake sa wa abinci, ake shafa wa mai zazzaɓi.

Sai ɗan da tsohon ya haifa ya dawo daga karatu, ya shiga kogo tuluna na tsakiyar tafasa. Ya shaƙa, ya yi salati, ya ɗauki sanda. Aikin shekara guda ya gangara dutse kamar jini. Tulu ɗaya uwarsa ta ɓoye. Bayan shekara bakwai ciwo ya kwantar da shi, abinci ya ƙi shiga, sai da ɗigon tulun nan.

Na tambaye ta ko yaron mugu ne.

"A'a, ɗiyata. Tsoron Allah gare shi. Hanci nai dai yar riga hankali nai isowa." Ta tura itace cikin wuta. "Ƙurunƙus. Wanda yaj ji, yaj ji."

Sai a lokacin na lura ƙarar wasa wuƙa ta daɗe da tsayawa.

Da safe Baba bai ɗauki sanda ba. Ya ba innata ƙoƙo ta ɗebo masa kaɗan, ya kai wa limamin unguwa. Liman ya shaƙa, ya ɗanɗana, ya yamutse fuska, ya ce wannan kal ne, halal ne, kuma in tsohuwa za ta yarda a ƙara masa, uwargidansa ba ta jin daɗi. Baba ya dawo da hanta da tsokar cinya, ya ajiye a ƙofar ɗakin Hajjo, ya wuce. Ta fito ta ɗauka. Ta yanka, ta ɗiga ruwan tulun, ta gasa, ta aiko ni da kwanon zuwa zaure. Ban sake cin nama irin na ranar ba.

Ni ɗiyar ubana ce, hancina na riga hankalina. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wata uku rubutuna kamar kaza ta yi tono. Wata rana ɗana na fari ya ɗaga littafin yana dariya, ya ce a bar wa jikoki. Na kai hannu zan jefa shi murhu, sai na ji tsamin nan a hancina. Sunan yaron ba na faɗa, amsa ma ban ba shi ba. Na ɗaure littafin a tsumma, na tura ƙarƙashin gado, da gari ya waye na koma aji. Da hannun nan na rubuta wannan, kuma yaron nan zan fara ba ya karanta.