Kwamfutar da Ke Mutuwa Bayan Azahar

Cikin duk kiran gyaran da aka yi mini lokacin ina kula da kwamfutoci a Tambuwal, wanda ban taɓa mantawa da shi ba shi ne na wani ofishin lafiya a Kebbe, a wata damina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kwamfutar tebur ɗaya ce tak a ofishin, wata Malama Hauwa'u ke tura bayanan rigakafi da ita zuwa Sakkwato. Ga waɗanda ba su sani ba, irin wannan kwamfutar ta waya take samun netwok: kebul ne ke tasowa daga akwatin rarrabawa ya shiga wani rami a bayanta. In 'yar fitilar bakin ramin na ƙiftawa, lafiya lau. In ta mutu, hanya ta yanke.

Zuwan farko na tarar fitila a mace, kan kebul ya karye. Na yanke shi, na matse sabo, netwok ya dawo, na hau babur tun da hantsi don gudun hadari. Ban gama kankare taɓon wandona ba aka kira ni, wai ya sake ɗaukewa. Washegari na koma, na sake matse wani kan, na duba saiti, komai daidai. Da la'asar sai ga kira kuma. Haba! Duk wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san ba ta zuwa yawo ba ce.

A zuwa na uku shugaban ofishin, Alhaji Garba, ya tare ni tun daga ƙofa. Ya ce, "Injiniya, bar wahal da kanka. Yarinyar ga ta, ba ta iya ba. Gobe za ni sa a ɗauke ta."

Hauwa'u ta ce da ni a hankali, ido duk ƙwalla, "Wallahi ko bayanta ban taɓa leƙawa ba."

Na gyara, sai ruwa ya tsare ni har azahar. Ashe iska ta yaye musu rumfar salla, a cikin ofishin maza ke jam'i. Hauwa'u ta fita ta ba su wuri. Ina kallo, Alhaji da kansa ya naɗe hannun riga, ya ja teburin kwamfutar gefe guda don sahu ya samu fili. Kebul ya miƙe, na ji ƙas. Allah ya yafe mini, sallar nan rabin hankalina na bayan tebur. Ana sallama suka mayar da shi mazauninsa kamar ba a taɓa ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tun yaushe kuka jan teburin ga?"

Ya ce, "Tun da rumfa ta faɗi. Mi ya faru?"

Na nuna masa kan da ya karye. Ya juya shi, ya ce, "To ai ku ne kunka sa gajeren kebul."

Na ja dogon kebul, na kafe shi a bango. Bai ba Hauwa'u haƙuri ba, amma zancen ɗauke ta ya mutu, har na bar aiki tana kan kujerarta.

Ku yaran yanzu, in gyara ya ƙi zama, kada ku yi saurin hawa babur. Ku wuni a ofishin ku ga abin da ake yi. Laifi tudu ne, kuma sau da yawa wanda ake hangowa ba ya ma cikin ɗakin lokacin da aka yi ɓarnar.