Ranar da Kaka Ta Lissafa wa Kumandan Sunayen Sata

Har yau in na ji ƙamshin sabuwar shinkafa da aka turara aka baza a tabarma, sai in ga kaina a fadamar bakin Kwara, a Gaya, da ƙwarya a kai, ina 'yar shekara tara ko goma. Zamanin Nasara ne, dab da tafiyarsu.

A wurinmu, in mai gona ya yanke shinkafarsa ya kwashe dami na ƙarshe, abin da ya zube a ƙasa ya fita daga hannunsa. Na tsofaffi ne da yara da tsuntsaye. Kala ke nan, ba a neman izini. Ni kuwa a kala ba a gaba da ni, ga ido ga rashin kunya. Kaka, uwar babana, ita ke turara abin da na samo, tana tsokanata wai rabinsa tsakuwa ne.

Shekarar da nake ba ku labari, Nasara suka zo da igiya suka auna wani yanki na fadama, har da gonar da kakanmu ya bari, suka kafa turaku, suka ce gonar gwaji ce. Shinkafarsu ta yi kyau, gaskiya. Da aka yanke aka kwashe dammuna, sai na shiga da hantsi ina waƙata, ina tsince zangarniya. Ko a raina ban kawo cewa akwai gonar da kala ba ta shiga ba. Ƙwaryata ta kusa cika sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Gardi ne, ɗan sandan Nasara, ya ce shinkafar iri ce, ana auna ta har ƙwayar ƙarshe.

Ya tasa ni gaba ta tsakiyar kasuwa da ƙwaryar a kaina. Na ji wata mata ta ce, "Ashe ɓarauniya ce." Wannan kalma ta fi mini riƙon gardi zafi, don a garinmu in ta manne wa yarinya, da ita za ta tsufa. Aka kuma aika a kira babana daga bakin jirgin fito, domin yaro ba ya shiga kaso, ubansa ake sawa.

Kaka ta riga shi isowa biro, wato ofishin Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, hannunta duk ƙaiƙayi. Kumandan na zaune, tafinta na tsaye da kaye, littafin rubutu, da alƙalami. Tafintan ya ce, "Inna, an rubuta sata."

Ta ce, "Ɗana, tambaye shi wace iri."

Sai ta fara lissafi da yatsu, tafinta na juyawa da Faransanci. Wanda ya ɗauka a ɓoye, sata ya yi. Wanda ya zare daga aljihu a cunkoso, sane. Wanda ya tare hanya da makami, fashi. Wanda ya fi ka ƙarfi ya karɓa kana kallo, ƙwace. In kaya sun zube jama'a suka yi musu ca, wasoso. Wanda aka ba ajiya ya cinye, cin amana, kuma shi ya fi duka muni. Abin ya burge Kumandan, ya sa tafinta ya rubuta kowace da fassararta a gefe.

"To wannan yarinya," in ji Kaka, "da rana ta shiga, tana waƙa, bayan an kwashe dami. A cikin waɗannan wanne ta yi? Kala ta yi, kuma uwarka ma ta yi, ɗana."

Tafinta ya sunkuyar da kai ya fassara. Amma Kaka ba ta gama ba. Ta dubi Kumandan ido cikin ido ta ce, "Yanzu ni ma a ba ni kalma ɗaya. Wanda ya zo da igiya ya auna gonar marayu ya ce tasa ce, me kuke ce masa da yarenku?"

Babana, da ya shigo lokacin, ya daskare a bakin ƙofa. Tafinta ya yi tari, ya faɗi wata gajeriyar magana. Kumandan ya yi murmushi, ya ɗaga hannu a sake mu. Ƙwaryar ma aka ba ni. Kaka ta sa na sake bi ta tsakiyar kasuwa da ita, tana gaba tana faɗa wa kowa, "Kala ce, an wanke ta."

Yanzu a fadama ba mai jiran kala, kuma duk sunayen nan sun narke sun koma ɗaya: sata. A yi ihu a tasha, a rufe mutum da duka, ba mai tambayar wace iri. Na gode wa Allah da ya ba ni tsohuwar da ta tambaya.

Akwai kuma wanda na daɗe ban san ya kamata in gode masa ba. Bayan na yi 'ya'ya na tarar da tafintan nan ya tsufa, yana zaune a ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ran nan me ka faɗa wa Nasara?"

Ya yi dariya har da hawaye. "Na ce masa tsohuwa tana godiya. Da na faɗi abin da ta faɗa, 'yata, da ku ukun duka a kaso za ku kwana."