Ranar da Baba Ya Kira Ni Ja'iri

Shekara biyu Baba ya yi yana kirana Malam. Ni fa, ɗansa na fari, wanda ya girma da ranƙwashinsa a ka. Tun da tsufa ya fara taɓa masa tunani, in na buga waya gida Gembu, ƙanwata ta kara masa a kunne, sai ya gaishe ni cikin ladabi kamar baƙon da ya zo tayin saniya. "Malam, yaya ruwa wajenku?" In ce da godiya. Wane ruwa a Dubai? Ina ofishin kargo a unguwar Port Saeed, ina liƙa takarda a jikin kwalayen mutane, na'urar sanyi tana hura mini ƙeya. Ba abin da nake so kamar in sake jin ya ce mini ja'iri, don tun ina yaro da shi yake kirana.

Abokin ɗakina a Al Rigga direba ne, mutumin Agadas, mai ce wa kowa patron, wato maigida, har mai shara. Shi ya gaji da ganin fuskata a murtuke. Wata Lahadi lokacin sanyi ya ce, "Tashi, patron, mu je ka ga dutse, ko ka daina mana zaman makoki a ɗaki."

Bayan asuba muka kama hanyar Ras al-Khaima. Da na hango duwatsun sai raina ya ɓaci. Ba ciyawa, ba saniya, ba ko hayaƙin bukka. Wanda ya yi kiwo a tudun Mambila za a kawo wa wannan? Na ce masa ai tarin tsakuwa ne. Ya ce in hau tukuna, in ƙarasa zagin a sama.

Wajen awa uku muna hawa, rana tana dukanmu, gwiwoyina suna tuna mini shekarun da na yi a kan kujera. Ina cikin mita iska ta juya. Tun kafin in ɗaga kai hancina ya gaya mini hadari ne. A cikin wani kwari muke, abokina kuwa ya san irin wannan tun daga duwatsun ƙasarsu. Ba wasa a muryarsa ya ce, "Yalla, mu fita daga kwarin nan, yanzu zai cika." Muka yi ta rarrafe har wani tudu. Kafin mu kai gajimare ya sauko ya rufe mu, ko ƙafata da ƙyar nake gani. Sai ruwa ya kece, har da 'yar ƙanƙara.

Shi ya shige ƙarƙashin wani falalen dutse. Ni na tsaya a waje kamar mahaukaci, ina rawar sanyi, don wallahi ƙamshin gida na ji. Na duba waya, layin sabis ɗaya tak ya rage. Na kira ƙanwata na ce ta kara masa.

"Malam, yaya ruwa wajenku?"

Na ɗaga wayar sama, ruwa yana dukan dutse, aka kuma yi tsawa. Da na mayar da ita kunne, muryar da na ji ba ta mai gaida baƙo ba ce.

"Kai ja'iri, kana kan tudu har yanzu? Ba ka ga hadari ba ne? Koro shanun ka sauko gida, kada ka sa uwarka ta fito nemanka."

Inna ta daɗe da rasuwa. Shanun kuwa an sayar da su tun kafin in taho.

Na ce, "Ga ni nan, Baba."

"Yi sauri," ya ce, sai layin ya yanke.

Abokina ya matso kusa da ni. Ya warware rawaninsa ya miƙo mini, muka jira ruwan ya tsagaita, muka sauka a hankali, kwarin da muka bari yana ta gurnani da jan ruwa.

Washegari na shiga wurin manaja neman hutu. Ya duba takardarsa ya ce sai nan da wata takwas, inshallah. Da na sake kira gida, Malam ɗin nan dai na koma. Amma ƙanwata ta ce tun ranar, kullum la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya fuskanci tudu, yana tambayar duk wanda ya wuce ko ya ga yaron nan ya sauko.