Abin da Hajaratu Ta Ce a Rubuta

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Tawa a shekarun baya ya san Malam Alhusaini, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai ɗan tebur a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, kusa da masu fura, da benci guda a gabansa. Haifaffen Barmu ne. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana rarrafe, don haka da sa'o'insa suka fara tafiya Kurmi, ƙasashen kudu na bakin teku, neman abin kansu, shi ko Ƙonni da ke nan kusa bai taɓa gani ba. Shekara huɗu ya yi a lakwal, makarantar boko, ya fito da rubutu mai kyau kamar na inji, kuma da shi ya ci tuwo shekara talatin. Matan yankinmu na Adar da mazansu ke Abijan da Kumasi su ne kasuwarsa. Mace za ta zauna a bencin, ta ba shi gefe don kunya, ya ce mata, "To, hwaɗi." Ta faɗa, ya rubuta. Da kaset ya shigo, mutane suka koma aika muryarsu, aikin ya ja baya, amma shi bai ɗaga teburinsa ba.

Ni sunana Rashidu, malamin makaranta ne, mushe kamar yadda yara ke kiran mu. A bazarar casa'in da huɗu muna cikin yajin aiki, makarantu a rufe, zaman banza ya ishe mu har mun fara faɗa da matanmu a kan gishirin miya. Zahara, wadda ke aiki a ofishin yaƙi da jahilci, ita ta kawo shawara: kowannenmu ya rubuta littafin labari da Hausa cikin kwana talatin, a fara ran ɗaya ga watan Mayu. Mu shida muka amsa. In faɗi gaskiya, shirin ya fi rubutun daɗi. Takarda ta yi tsada, sai muka tattaro ragowar takardun ƙuri'a na zaɓen bara, muka ɗinke su da zare, mutum ya rubuta soyayyarsa a bayan hoton ɗan takara. Kowace Juma'a bayan masallaci muna haɗuwa a farfajiyar ofishin Zahara, kowa yana cika baki da littafin da bai rubuta ko layi ɗaya ba.

A zama na biyu Malam Alhusaini ya shigo yana dogara sanda. Ni ne na fara yi masa dariya, kuma har yau ba na jin daɗin tuna hakan.

Na ce, "Malam, nan ba wasiƙa za mu yi ba, littahi na."

Ya ce, "Na sani, Mushe. Ni ma wasiƙa guda ta kawo ni. Na ɓata ta shekara goma da sunka wuce, ina son in gyara ta tun hannuna bai ida mutuwa ba."

Ya zauna ya ba mu labarin. A shekarar yunwa, tamanin da huɗu, wata mata daga Takanamat mai suna Hajaratu ta zo Tawa wurin likita da 'ya'yanta biyu. Namijin ya rasu kwana biyu da isowarsu. Ta zo tasha goye da macen, ta zauna a benci, kuma ba ta ba shi gefe ba, ido cikin ido ta dube shi. Ta ce a rubuta wa mijinta Sa'idu a Abijan: yaron ya rasu, yarinyar ta daina karɓar nono, ita kanta ba ta iya tsayuwa, ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya taho yanzu.

To, a aikinsu akwai ƙa'ida. Ba a aika wa mutumin da ke ƙasar wasu da mutuwa a cikin takarda, kada ya yanke jiki ya faɗi inda ba shi da mai tallabarsa. Ana sassautawa, a bari sai ya dawo dangi su gaya masa. Haka Alhusaini ya tarar ana yi, haka ya yi. Ya rubuta cewa suna nan lafiya, sai ɗan zazzaɓi, shi ma da sauƙi, in Sa'idu ya samu hali ya leƙo gida. Da ya zo maimaita mata, sai ya karanta abin da ta faɗa, ba abin da ke kan takardar ba. Ta yi godiya ta tafi. Sa'idu bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Ita da yarinyar ba su ga damina ba.

Ya ce, "Mutumin ga bai san ta kira shi ba. Ni na hana shi sani. Ina son in rubuta labarinta duka, yadda shike, in samu in kai mishi, ko shi yahe mini."

Kunya ta kama mu? Ina fa. Abdurazak, malamin lissafi, cewa ya yi wannan labari ya fi na kowa, har yana tambaya ko za a ba shi aro. Muka ba Malam littafi ɗinkakke da bik sabo, wato biro, aka ce kowa ya zo da shafin gwaji mako mai zuwa.

Mako ya zagayo, ya zo da littafinsa fari fat. Ya ce ya zauna da shi safe da yamma, hannun ya ƙi motsi. Shekara talatin bai taɓa rubuta kalmar da ta fito daga kansa ba, sai wadda wani ya faɗa masa daga kan benci. Zahara ta yi murmushi irin na masu ilimi ta ce, "Baba, wannan mai sauƙi na. Ka gyara bencinka, ka ɗauka tana zamne gabanka, ka ce mata ta hwaɗi." Muka yaba mata, har da tafi. Ina so a sani cewa wannan shawara daga bakinmu ta fito.

Juma'a ta gaba bai zo ba. Ranar Lahadi na ce bari in leƙa shi. Na isa tasha rana tsaka, irin zafin Afrilun nan da ke korar kowa ƙarƙashin motoci. Ba hayaniya, ba mai kiran fasinja. Daga nesa na hango shi duƙe a kan tebur, ya karkata kai gefe guda yadda yake yi in yana sauraro, bik yana gudu. Bencin babu kowa. Na yi sallama bai amsa ba, na juya zan zauna, sai mai furar da ke kusa ta riƙe mini riga.

Ta ce, "Mushe, kak ka zamna nan. Kwana tara ke nan ba wanda yaz zamna."

Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na ga wata akuya da ke bin ƙarƙashin bencuna tana lasar furar da ta zube. Ta zo daidai bencin Malam, ta tsaya, ta ja da baya, ta yi kewaye mai faɗi ta wuce. A lokacin na ji shi ya ce, a hankali, cikin ladabi, "Sannu-sannu, ban kai nan ba." Ya ci gaba da rubutu. Can ya ce, "Na ji. Na sa shi yadda kinka ce."

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, da rana tsaka, a tsakiyar tashar da na sani tun ina yaro. Na tsaya a rana ina zufa, na kasa matsawa inuwar.

Da ya ajiye bik ya ɗago, ya gan ni, bai yi mamaki ba. Ya miƙo mini littafin. Shafi tara ya cika, kuma ba labari ba ne, wasiƙa ɗaya ce sau tara. A ta farko ya sa yaron ba ya jin daɗi. A ta uku ya yarda yaron ya rasu, amma yarinyar tana samun sauƙi. A ta shida komai ya fito daidai, sai a ƙarshe ya ƙara "in ka samu hali". Ya ce ba da niyya yake yi ba, hannun ne ya saba, shi ke zamewa. Kullum in ya karanta wa Hajaratu sai ta ce ba haka ta ce ba, gobe ta dawo. Ta tara ce kawai babu gyara a cikinta, gajera, layi biyar.

Na ce, "Malam, zahin ga na. Ka tahi gida ka huta."

Ya ce, "Ta ce a kai. Wasiƙa ba ta ƙare ba sai ta shiga hannun mai ita." Ya gaya mini Sa'idu yana Takanamat tun dawowarsa, kuma sau da yawa yana ganin sa yana sauka daga mota a nan tasha, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a aljihun tebur. Ya ce ƙafarsa ba za ta iya hawa da saukar babbar mota ita kaɗai ba. Ban so zuwa ba ko kaɗan. Amma ni na yi masa dariya, mu muka ba shi shawara, ban ga bakin ƙi ba.

Saura kwana biyu watan rubutunmu ya kama muka shiga motar 'yan kasuwa. Hanya duk duwatsu da jan ƙasa, nan da can mutane na sharar gona suna ƙona kara. Har muka isa littafin na cikin rigar Malam, hannunsa a kai. Muka sauka wajen azahar, aka nuna mana gidan a bakin gari.

Mun tarar da Sa'idu a inuwar rumbu yana tufka igiya. Dogo ne, ramamme, furfura ta riga shekarunsa. Ya gane Malam tun kafin mu gama sallama. Aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi gida da zafi. Sannan Malam Alhusaini ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye komai ba. Ya fito da littafin ya karanta layi biyar ɗin. Ya ce, "Ta kira ka, Sa'idu. Ni na tare kiran. Ka yahe mini don Allah."

Sa'idu ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani gwangwani, ya zaro tsohuwar takarda da ta yi laushi don ninki. Bai buɗe ta ba, ya dai riƙe.

Ya ce, "Malam, shekara bakwai kai ka rubuto mini wasiƙunta. Ba wadda ta zo babu roƙon zane, ko sabulu, ko takalmin yara. Wagga babu roƙon komi. Kuma kullum kana jera masu gaishe ni da sunansu. Cikin wagga ba ka sa sunan yaron ba."

Malam ya ce, da ƙyar, "Ban iya sa mamaci cikin masu gaisuwa ba."

"To. Wanda ya karanta mini bai gane ba, ni na gane. Ɗan Adar nike, na san yadda kuke rubuta mutuwa. Mota na nan kullum, ban shiga ba. Ba ni da komi a hannu, na ji kunyar a gan ni na komo hakanan. Da na dawo na ce ma mutane takarda ta ruɗe ni, na gwada musu ita, sunka ba ni haƙuri. Shekara goma ina laɓe bayan takardarka, Malam. Mi zan yahe maka?"

Na dubi Malam Alhusaini. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarsa, ban gani ba. Tausayinsu su biyun ya cika ni har na rasa inda zan sa idona.

Sa'idu ya ci gaba, kamar mai zancen ruwan sama. "Kullum war haka tana tsaye can bakin danga. Ba ta magana, kallo kawai. Kwanakin ga ban gan ta ba, na ce ko ta gaji da ni. Ashe wurinka ta tahi." Ya ɗaga kai ya dubi bayanmu, ta saman kafaɗata, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kun maido ta."

Ban waiwaya ba. Gashin jikina duk ya miƙe, na kafa ido a kan igiyar da ke ƙasa.

Ya ce, "Malam, ka zo da abin rubutu? Ta jima tana jiran amsa."

Malam Alhusaini ya buɗe sabon shafi, ya ɗora littafin a gwiwarsa mai lafiya. Sa'idu ya gyara zama ya ce, "Rubuta. Hajaratu, saƙonki ya iske ni tun wancan lokaci. Na gane. Ban zo ba."

Ina kusa da shi, ina ganin bakin bik ɗin. Ya rubuta sunanta, ya rubuta saƙo ya iso, ya rubuta an gane. Da ya kai kalmomi ukun ƙarshe sai hannun ya tsaya. Na san abin da hannun nan ke so ya sa: hali bai samu ba, hanya ba kyau, Allah bai nufa ba. Ya kai hannun hagu ya danne wuyan hannun dama, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya yadda aka faɗa. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya juya wajen dangar, ya karanta da ƙarfi, bai rage ko kalma ɗaya ba.